Karan masallaci

Karan masallaci ƙaramin tsiro ne mai kaurin jiki da ke ajiye ruwa a cikin karansa, yana kuma rayuwa shekaru da yawa ba tare da an sake shuka shi ba. Masana tsirrai suna kiransa Caralluma dalzielii. Yana cikin dangin Apocynaceae, wato dangi ɗaya da tumfafiya. Ana samunsa a yankin Sahel tun daga Senegal har zuwa Sudan, ciki har da arewacin Najeriya da kudancin Nijar, inda aka fi saninsa a matsayin maganin gargajiya.

Suna da tarihi

Masanin tsirrai N. E. Brown na lambun Kew da ke Ingila shi ne ya bayyana tsiron a rubuce a shekarar 1912. Ya raɗa masa sunan ne don girmama John McEwen Dalziel (1872–1948), likita ɗan ƙasar Sukotlan da ya yi aiki a Arewacin Najeriya yana tattara tsirrai tare da sunayensu na gida. Dalziel ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916. Wasu masana na ɗaukar karan masallaci a matsayin nau'i ɗaya da Caralluma adscendens da ake samu har ƙasar Indiya.

Siffa

Tsiron yana fitowa ne a dunƙule, karare da yawa daga tushe ɗaya, kowanne a miƙe tsaye yana sirancewa wajen kai. Yawanci tsayinsa bai wuce gwiwar mutum ba. Karan kore ne mai kusurwa huɗu, da 'yan haƙora marasa kaifi a jere a kan kowace kusurwa. Ganyensa ƙanana ne ƙwarai kuma suna karkaɗewa da wuri, don haka karan ne ke aikin haɗa abinci daga hasken rana.

Furannin ƙanana ne masu siffar tauraro mai tsini biyar, launinsu ja ne mai duhu, suna fitowa kusa da ƙarshen karan. Ƙudaje ne ke kai musu barbara. 'Ya'yan suna fitowa bibbiyu kamar ƙahonni, idan sun bushe sai su tsage, iska ta kwashi irin da ke da gashi mai laushi irin na tumfafiya.

Muhalli

Karan masallaci yana buɗe ƙofofin numfashinsa ne da dare maimakon da rana, abin da ke rage asarar ruwa, shi ya sa yake jure rani mai tsawo. Yawan ruwa ne babban abokin gabansa, domin saiwarsa tana ruɓewa idan ruwa ya kwanta a gindinsa. Ya fi son ƙasa mai duwatsu ko yashi, sau da yawa a gindin ƙananan itatuwa inda yake samun 'yar inuwa.

Wannan yana da muhimmanci a wurare irin su Kirikasamma ta Jihar Jigawa, inda kogin Haɗeja ke malala cikin fadamu a ƙarshen damina. Fadamar da ke ba da shinkafa, ko wadda kachalla ta mamaye, ba ta karɓarsa. Wurin da ya dace da shi a irin wannan yanki shi ne tudu da jigawa, ko kuma tukunya mai huda a ƙasa a cikin gida. Dasa shi ba wuya: a yanki kara, a bar bakin yankan ya bushe na 'yan kwanaki, sannan a kafa shi cikin yashi.

Amfani

Masu maganin gargajiya a ƙasar Hausa suna amfani da karan, ɗanye ko dafaffe, don ciwon ciki, gyambon ciki, amai, sanyin ƙashi da ciwon suga. Yana da ɗaci sosai. Binciken kimiyya ya gano sinadarai masu suna piregnen gilaikosaid a cikinsa, kuma an gwada ruwansa a kan ɓeraye a ɗakunan bincike. Irin wannan gwaji bai kai matsayin tabbatar da magani ga ɗan Adam ba, don haka bai kamata mai ciwon suga ya ajiye maganin asibiti saboda shi ba.

Bambanta shi da masu kama da shi

Akwai haɗari idan aka rikita shi da ƙerana ko tinya, waɗanda su ma kararensu masu kauri ne amma suna cikin dangin Euphorbia. Waɗannan suna da ƙaya, kuma idan aka yanke su farin ruwa kamar nono ne ke fita, mai ƙona fata da lahanta ido. Karan masallaci ba shi da ƙaya mai suka, ruwansa kuma garai-garai yake.

Kiyayewa

Tsiron ba ya saurin girma, saboda haka tumɓuke shi da saiwa yana iya ƙarar da shi a wuri. Idan aka yanki wasu karare aka bar tushen, yana sake tohowa.