Daga ƙwai zuwa lissafi: yadda muryar jita ta iso mu

A hutun da ya wuce, da na koma gida Bader Goula, abin da ya fara tsaya mini a ido shi ne ampilin Yaya a bakin rumfa, an ɗora masa faranti da kofunan shayi. Yaya ɗan wan babana ne, makaɗin jita, mai bin bukukuwan aure tsakanin Dakoro da Abalak. Wannan akwatin kuwa tun ina ƙarami na san ba a taɓa shi. A Yamai ya sayo shi hannun wani tsohon makaɗi, kuma in za a tafi da shi biki sai an naɗe shi da bargo kamar jinjiri kafin a sa a mota. Na ce, "Yaya, lahiya? Mi ya samu tsoho?" Sai ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan abu da bai fi faɗin littafin nan da kuke riƙe da shi ba, mai maɓallan takawa da ƙafa da ɗan allo. Ya ce, "Ga magajinai. Ampili ya fi hamsin cikin wanga abu, ƙanena. Wancan kau ƙwai guda ya mutu, wata bakwai ina biɗar irinai."

Kun san halin ɗalibin ilimin harshe, sunan abu yake fara kamawa. Mu nan Nijar muna cewa ampili, daga Faransanci, muna kuma kiran ƙwan lantarki ampul. Kalmomi biyu ne da ba su haɗa asali ba, amma a cikin akwatin Yaya sun haɗa ɗaki, domin in ka leƙa bayansa za ka ga kwalabe ƙanana suna ja kamar garwashi. Faransawa fitilu suke ce musu. Yaya ƙwai yake cewa, ni ma shi zan bi.

Ƙwan nan ya girmi jitar lantarki da nisa. A 1904 wani Bature ɗan Ingila, John Ambrose Fleming, ya ƙera kwalbar da aka zuƙe wa iska, wadda lantarki ke bi ta cikinta ta hanya ɗaya tak. A 1906 Lee de Forest na Amurka ya ƙara mata wata ƴar waya a tsakiya, kuma wannan ƴar wayar ita ce duka labarin. Ana ɗumama ƙarfe guda har ya riƙa sakin ƙwayoyin lantarki, wani ƙarfen mai ɗauke da bolt ɗari uku ko fiye yana jan su, ita kuma ƴar wayar ta tsakiya tana tsaye kamar mai gadin ƙofa. Ɗan motsin da tsirkiyar jita ta aiko shi ke buɗe ƙofar ko ya rufe ta. Ƙaramin motsi ke juya babban ƙarfi, shi ke nan sauti ya ƙaru. Rediyo da tarho da silima duk da wannan ƙwan suka tashi. Shi ya sa ampili mai ƙwai yake da nauyin tsiya: yana buƙatar manyan taransifoma na ƙarfe da tagulla. Irin su Fender Twin Reverb ko Vox AC30 suna kai wajen kilo 30.

Abin dariyar shi ne, muryar da ake kuka a kanta yau kuskure ce. Masu ƙera ampili na farko sauti mai tsabta suke nema. Amma in aka matsa wa ƙwai fiye da ƙarfinsa ba ya yankewa gaba ɗaya, sai ya riƙa lanƙwasa sautin a hankali, ya yi masa kauri da ɗan gurnani, kuma gurnanin yana bin hannun makaɗi: ka taɓa a hankali ya yi laushi, ka doka ya yi ruri. A 1951, lokacin da ƙungiyar Ike Turner ta je Memphis ɗaukar waƙar "Rocket 88", ampilin makaɗin jitarsu Willie Kizart ya lalace a hanya, aka cusa masa takarda aka ɗauka haka nan. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar The Kinks da gangan ya sa reza ya tsaga lasifikarsa. Shi ma kwaikwayo ba yau ya fara ba. Marshall na farko, na 1962, tsarin Fender Bassman aka kwafa a Landan da kayan da ake iya samu a Ingila, sai ya fito da wata murya daban. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Taransista ta zo a 1947, ƙarama, ba zafi, ba fashewa, ba cin wuta. Cikin shekara ashirin da ƴan kai ta kori ƙwai daga rediyo da kusan komai. Makaɗan jita ne suka ƙi sakin ƙwai, ko da yake a 1975 kamfanin Roland na Japan ya fitar da Jazz Chorus, mai taransista, wanda ya samu karɓuwa saboda tsabtar muryarsa.

To wannan tarihin Amurka da Ingila ke nan: ƙwai, sannan taransista, sannan kwamfuta. Namu bai bi wannan layin ba, kuma nan ne nake so mu ɗan zauna.

Jitar da muke ji a bukukuwan yankinmu ɗiyar fari ce da gudun hijira. Farin 1973 da na 1984, wanda iyayenmu ke kira El Buhari, sun kashe dabbobin makiyaya, matasan Abzinawa na Mali da Nijar suka bazama Aljeriya da Libiya neman aiki. Aka laƙaba musu suna ishumar, wato kalmar Faransanci ta marar aikin yi ce aka sa wa rigar Tamashek. A cikinsu ne Ibrahim ag Alhabib da abokansa suka kafa abin da ya zama Tinariwen, a ɓangaren Nijar kuma Abdallah Oumbadougou ya kafa Takrist n'Akal. Waɗannan mutane ba su da situdiyo. Abin da suke da shi rediyo mai kaset ne da batir. A ɗauki waƙa a ɗaki ko a gindin dutse, wani ya kwafa daga kaset zuwa kaset, wani ya kwafi kwafin, har sautin ya dushe ya yi hazo. Bayan kisan Cintabaraden na watan Mayun 1990 da tawayen da ya biyo baya, riƙe irin wannan kaset ma abin tsoro ne. Sai bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, ranar da har yau muke hutu saboda ita, jitar ta fito fili sosai, ta koma kiɗan aure da suna a Agadas da Arlit da Tawa, har ta gangaro inda Hausawa da Fulani da Abzinawa ke cin kasuwa ɗaya irin garinmu.

Da wane ampili? Da wanda aka samu. Ƙananan masu taransista, masu cin pil ko batirin mota, ko kuma a jona wa ɗan gurup mai tari. A filin biki ba bango, ba rufi, mutum ɗari biyu na tafi da guɗa, dole a murɗa ƙaramin akwati har ƙarshe. Lasifika ta sha ƙura ta sha rana, takardarta ta tsage. Abin da ke fitowa wata ƙara ce mai kaifi, mai tsatsa, wadda injiniyan Landan zai toshe kunne in ya ji. Mu kuwa ita muka sani da sunan jita. Wanda ya saurari faifan Group Inerane da kamfanin Sublime Frequencies na Amurka ya fitar a 2007, ko na Group Bombino da ya biyo baya, ya san abin da nake nufi. Lalacewar da Kizart ya gamu da ita sau ɗaya a hanyar Memphis, a nan ita ce kullum. Yaya da ampilinsa mai ƙwai bare ne a cikin sa'o'insa, shi ya sa ma ake nemansa.

Ana cikin haka can waje aka fara koya wa kwamfuta kwaikwayon ƙwai. Roland ya fitar da VG-8 a 1995, kamfanin Line 6 ya fitar da ampilinsa na kwaikwayo a 1996, sannan a 1998 ya kawo POD, wani ɗan jan abu mai siffar ƙwayar wake da ya shiga ɗakunan matasa ko'ina. Yadda abin ke aiki: na'urar tana auna sautin jita sau dubu arba'in da wani abu a daƙiƙa guda, ta mayar da kowane awo lamba, ta bi da lambobin ta cikin lissafin da ke kwatanta halin ƙwai da taransifoma da lasifika, sannan ta mayar da su sauti. Na farkon suna da ɗan sanyi a kunne, makaɗa na yi musu ba'a. Amma a 2006 Axe-Fx ya fito, a 2011 kuma wani Bajamushe, Christoph Kemper, ya zo da wata dabara: maimakon a rubuta lissafin da hannu, na'urar da kanta take tura wasu ƙararraki cikin ampilin gaske, ta saurari abin da ya fito, ta ɗauki hoton muryarsa. Yau manyan ƙungiyoyi irin Metallica da irin waɗannan na'urori suke hawa dandamali.

Mu lissafi ta wata ƙofa ya shigo mana, ta salula. A 2008 Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya je Sakkwato ya ɗauki faifansa Anar a situdiyo irin na waƙoƙin finafinan Hausa, da gangar kwamfuta da muryar nan da na'ura ke lanƙwasawa. Ba kanti ya kai waƙoƙin ba, daga waya zuwa waya suka yi ta tsalle ta Bluetooth da katin memwar har Mali, inda Christopher Kirkley na Sahel Sounds ya tsince su, ya sa ɗaya cikin tarin da ya fitar a 2011. Wato mun san muryar da kwamfuta ta taɓa tun kafin yawancinmu su taɓa ganin ƙwai yana ci. Waɗanda suka yi suna ne suka je suka tarar da tsofaffin kayan a can, kamar Bombino da ya ɗauki Nomad a Nashville wurin Dan Auerbach, aka fitar a 2013. Mu daga ƙarshe muka faro muna komawa farko.

Shin Yaya ya yi kuskure da ya canza? Wallahi ban ga laifinsa ba. Ƙwai yana tsufa kamar na fitila, kuma masana'antun da suka rage suna yin sa a duniya ƴan kaɗan ne, a Rasha da Sulobakiya da Sin. Da yaƙin Ukraine ya tashi a 2022 har makaɗan Amurka sai da suka shiga neman ƙwai ido rufe, kuɗinsa ya haura. In mai dala ya sha wuya, ina ga mai sefa a Dakoro? Ga wuta. Ƙwai yana son kuran tsayayye, gurup ɗin biki kuwa hawa yake yana sauka yadda ya ga dama. Ko a birni kun tuna yadda muka kwana cikin duhu daga Agustan 2023 da Najeriya ta yanke mana wuta. Sabon abin nasa da ɗan batirin cajin waya yake tashi, ya jefa shi a jaka ya hau kabu-kabu, a wurin biki ya jona da kowace lasifika aka samu. Dā sai ya biya kuɗin mota saboda akwati kawai. Mai iyali ne, lissafinsa daidai yake.

Abin da ya dame ni daban ne, kuma sai da na karɓi abin na riƙa latsawa na gane shi. Muryoyin da ke ciki duk an jera su da sunaye, an ɗan karkata su saboda kar a kai ƙara kotu, amma kowa ya san wa ake nufi: wannan Fender ne, wannan Marshall, wannan Vox. Kalifoniya, Landan, Landan. Na latsa har na zagayo ban ji ƙaramin akwati mai tsagaggiyar lasifika a filin Agadas ba. Ba mugunta ba ce, abin da aka kai ɗakin awo shi aka auna. Amma mu da muke karanta harshe mun san wannan labarin. Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta, kuma ta yi mana amfani, ga shi da ita nake rubutu. Sai dai yaron Dakoro da ya tashi yana cewa munka da sunka, in ya shiga aji sai ya fara jin kamar bakinsa ne ya karkace. Ina tsoron kar yaran da ke koyon jita yanzu, waɗanda muryar farko da za su ji a kunne ta cikin jerin nan za ta fito, su ɗauka cewa ƙarar bikin garinsu kuskure ce da ya kamata a gyara.

Sai kuma in tuna Marshall. Kwafi ne da bai yi daidai ba, ya zama abin da ake kwafa. Kuma dabarar Kemper ba ta tambayar asalin akwati, duk abin da aka sa mata a gaba za ta ɗauka, ko na Landan ko wanda ya sha ƙurar Tarka. Abin da babu shi ne wanda zai ɗauki na'urar ya bi makaɗan Abalak da Cintabaraden da Agadas kafin tsofaffin akwatunan su gama mutuwa, kamar yadda malamanmu ke tura mu ƙauye da rakoda mu ɗauko bakin tsofaffi.

Na faɗa wa Yaya wannan duka muna shan shayi a kan tsohon. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Kai dai da surutun lakkwal." Sannan ya ɗauko jita ya nuna mini abin da ya kwana uku yana yi. Ya zaɓi ɗaya daga cikin muryoyin Turawan, ya rage mata gindi, ya ƙara kaifi har ta fara cizo, ya haɗa da wata ƙaramar lasifika ta cikin jerin wadda ya ce ita ta fi kusa da mai tsaguwa. Da ya kaɗa, matan gidan suka leƙo. Ba muryar tsohon ba ce, ba kuma ta Agadas ba ce cif, amma ta fi kusa da gida. Na'urar tana ba mutum dama ya adana abin da ya haɗa ya sa masa suna, sai ya miƙo mini ya ce in rubuta masa Ƙura, tunda ni ne mai boko. Na bi haruffan daga farko har ƙarshe, babu ƙ mai lanƙwasa. Na sa K. Ranar asabar da ya tafi wani aure wajen Sakabal, Kura ke rubuce a allon.