Yadda Taron Iyali Ya Kafu a Bakin Tafkin Kainji

Kafin mu shiga wa'azin rediyo na wannan wata, bari mu waiwaya mu ga yadda taron iyali, inda tsoho da jariri suke zama a tabarma ɗaya, ya kafu a ikilisiyoyinmu na ƙasar Yauri, da dalilin da ya sa zancen jaraba ba ya ƙarewa a wurin.

Bishara ta shigo wannan yanki ta hannun mishan na UMS, waɗanda suka zauna a Salka da Zuru tun shekarun 1920, daga baya suka kama aiki a Yelwa, suka gina asibiti a Tungan Magajiya. Ikilisiyarsu ce ake kira UMCA a yau. A 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa. Masu iya karatu kaɗan ne, saboda haka mutum ɗaya yakan karanta, gida duka yana ji. Ba wanda ya shirya taron iyali a takarda. Rashi ne ya haife shi.

Sa'an nan ruwa ya zo. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, aka ta da mutum fiye da 40,000 daga mazauninsu. Gungawa suka bar tsibiransu da gonakin albasa, suka koma sababbin gidaje a tudu. A nan ne iyayenmu suka sha gwaji mai zafi. In yaro ya kwanta ciwo a sabon gari, sai dangi su ce ai kakannin da aka bari ƙarƙashin ruwa ne suka yi fushi, a je wurin boka. Mai bi da ya ƙi, sai a ce ba ya ƙaunar ɗansa. Ba mu ga laifin tsohuwar da zuciyarta ta yi rawa ba. Amma a taron iyali ne aka riƙa buɗe Matiyu sura 4, ana nuna mata cewa Ubangiji kansa an jarabce shi ne sa'ad da yake jin yunwa.

Jarabar samari dabam ce. Tafki ya kawo kifi, kifi ya kawo fatake da kuɗi, kuɗi kuma suka san hanyar gidan burkutu. Waɗansu har suka koyi zuba maganin ƙwari a ruwa domin kifi ya taso a kwashe. To, uba ne ya zuba, uwa ce ta banda, yarinya ce ta kai kasuwa. Zunubin da ya ratsa gida duka haka, ina amfanin a yi wa maza faɗa su kaɗai?

Rediyo ya taimake mu ƙwarai. ELWA ta fara watsa shiri daga Monrobiya a 1954, Muryar Bishara kuma daga Adis Ababa a 1963, ana shirya na Hausa a Jos. Gidan da yake da akwatin rediyo da batir yakan cika da maƙwabta da dare. A 1977 gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace tashar, a 1990 yaƙin Laberiya ya rufe ELWA. Muka ci gaba da taruwa, dattijo ya karanta Yakubu sura 1, 'yan Zumuntar Mata su ta da waƙa.

Yanzu ramukan zinariya ne suke janye yaranmu daga makaranta. A taronmu na baya, wani yaro ya tambaya: in babansa ne ya hana shi zuwa aji ya tura shi rami, biyayya ce ko jaraba? Dattawa ba su gama amsa ba har rana ta faɗi. An ɗaga maganar zuwa taro mai zuwa, an kuma roƙi iyaye maza su zo.