Kyauta Da Waƙafi: Tarihin Taimakon Al'umma A Ƙasar Kura

Yau za mu ɗan jingine littattafan hikaya, mu leƙa tarihin wani yanki da kusan kowane Bakano yake cin amfaninsa, wato ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam. Shinkafa da tumatir da albasa da alkamar da ake lodi a nan sun ciyar da birni da ma Kudu. To amma su mutanen da ke noma wannan abinci, wa ya riƙe lafiyarsu da karatun 'ya'yansu, kuma da wane kuɗi?

Tun kafin a san da zancen dam, Kura gari ne na arziki. A ƙarni na 19 sunanta ya kai har cikin Sahara saboda rini da bugu, domin rawanin nan mai sheƙi da Buzaye ke ji da shi, ɗan Kura ake ce masa. A wancan zamani taimako yana tafiya ne ta hanyoyin da kowa ya sani. Manomi ya fitar da zakkar hatsi, unguwa ta ciyar da almajiran tsangaya, samari su yi gayya a gonar tsoho ko marar lafiya, mai hali ya haƙa rijiya sadaka. Da Turawa suka ci Kano a 1903, sannu a hankali sai suka cusa zakkar da hukuma ke karɓa cikin haraji. Daga nan fitar da ita ya koma tsakanin mutum da Ubangijinsa, kowa ya ba wanda ya ga dama.

Babban sauyi ya zo a zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. An gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, aka jawo ruwa ta hanyoyin da aka haƙa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, da niyyar shayar da hekta 22,000 a kashin farko. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aikin ya koma hannunta. Mutumin da a da yake tafiya cin rani in an gama girbi, sai ga shi yana noma sau biyu a shekara.

Sai dai ruwa bai zo shi kaɗai ba. Inda ruwa ya kwanta rani da damina, sauro ba ya hutu, don haka zazzaɓin cizon sauro ya daina jiran damina. Ga kuma ƙananan katantanwa da ke zama a bakin magudanan ruwa, waɗanda su ne ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Yaro ya shiga wanka, manomi ya tsaya cikin fadamar shinkafa, ƙwayar ta ratsa fata, bayan wani lokaci a ga jini a fitsari. Cutar ta zama ruwan dare a ƙasar Hausa har wasu suna ɗaukarta alamar balaga, alhali tana rage jini, tana hana yaro karatu, in ta daɗe ta lalata mafitsara. Waɗanda suka zana aikin sun ƙididdige ruwa da hekta da buhu, lafiya da makaranta kuwa aka bar su ga ƙananan hukumomi masu ƙaramin ƙarfi.

Wannan giɓi ne masu taimako suka riƙa shigowa su cike, kuma za mu iya kasa su gida uku.

Na farko su ne attajiran gida. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, haifaffen Bebeji ne, maƙwabciyar Kura, kuma a ƙasar Bebeji madatsar Tiga take. Ɗansa Alhaji Aminu Ɗantata, wanda ya rasu a 2025, yana cikin jigogin Gidauniyar Jihar Kano da aka kafa a shekarun 1980 don tallafa wa ilimi da masu ƙananan sana'o'i, kuma shi ya ba da cibiyar wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ayyuka ne manya, amma mafi yawan irinsu a birni suke. Mai naƙudar da ke wani ƙauye a bayan Bunkure, abin da ya dame ta shi ne ƙaramin asibitin da ke kusa, ko akwai ungozoma da magani a cikinsa.

Na biyu su ne gidauniyoyin waje. Shirin Sasakawa, wanda attajirin Japan Ryoichi Sasakawa ya kafa a 1986 tare da masanin noma Norman Borlaug da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, ya shigo Nijeriya a 1992, ya fara da Kano da Kaduna, yana koya wa manoma dabarun noman alkama da masara a gonakin gwaji. Ta fuskar lafiya kuma, ƙwayar maganin tsargiya da ake raba wa 'yan makaranta kyauta a Afirka, kamfanin Merck na Jamus ne ke bayar da ita ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2007. Maganin yana kashe cutar a jiki, amma yaro ya koma cikin ruwan nan ya sake ɗauka, muddin babu rijiyar burtsatse da makewayi.

Na uku, wanda ya fi ba da darasi, shi ne haɗin gwiwa. Mai karatu zai tuna cewa a 2003 Jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna saboda zargin da ya bazu, ba a dawo da shi ba sai a 2004. A 2012 gwamnatin jihar ta sa hannu a yarjejeniya da Gidauniyar Aliko Ɗangote da ta Bill da Melinda Gates kan allurar rigakafin yara ta yau da kullum. Aka buɗe asusu ɗaya, aka tsara cewa kason gidauniyoyin zai riƙa raguwa shekara-shekara, na gwamnati yana ƙaruwa, har ta ɗauki nauyin ita kaɗai. Aka sa masu unguwanni da dagatai cikin aikin bin diddigin jarirai. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Jihar Kano a 2014 ne, a Sumaila, kuma a 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Abin da ya sa wannan ya yi tasiri shi ne, tun ranar farko an san wanda zai riƙe aikin in mai kyauta ya tafi.

Mai kyauta kuwa yakan tafi. A 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, shirye-shiryen lafiya da dama a Afirka suka tsaya cak. Bahaushe ya riga ya faɗa, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

To ina guntun gatarin ƙasar Kura? A nan sai mu dubi zakka. Shinkafa da alkama akwai zakka a kansu in sun kai nisabi, wato wasaƙi 5, daidai da sa'i 300: kashi 1 cikin 10 in ruwan sama ko ruwa mai gudana ne ya shayar, kashi 1 cikin 20 in da jigo ko inji aka sha wahala. Amma a mazhabar Malikiyya da muke bi, babu zakkar amfanin gona a kan kayan lambu irin su tumatir, sai dai in kuɗinsu ya kai nisabi ya shekara. Ke nan dukiya mai yawa tana bi ta kasuwar Kwanar Gafan ba tare da wannan farilla ta hau kanta ba. Sannan malamai da yawa suna ganin zakka haƙƙin mutane ce, kashi 8 da aka ambata, ba ta gina aji ko ɗakin haihuwa ba.

Abin da ke gina aji ya kuma riƙe shi, shi ne waƙafi, wato hubusi: a tsayar da kadara, ba a sayarwa, ba a gado, amfaninta yana tafiya ga abin da aka ware. Da shi Jami'ar Azhar ta Masar ta rayu ɗaruruwan shekaru. Jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, saboda haka ƙofar doka a buɗe take. A wurin da kadada ɗaya ke ba da amfani sau biyu a shekara, in masu hali suka tsayar da 'yan filaye a rubuce, da amintattu da lissafin da za a karanta a bainar jama'a duk bayan girbi, kuɗin hayarsu zai iya sayen magani, ya biya malami, ya gyara famfon da ya lalace.

Shekaru 50 ke nan ruwan Tiga yana gudana. Allah Ya saka wa duk wanda ya taimaka daga nesa, Ya kuma ba na kusa ikon tsayar da abin da jikoki za su tarar.