Wa Zai Biya Ɓarnar Ƙirƙirarriyar Basira? Aya ta 1384 da Fiƙihun Malikiyya a Tasawa da Mayahi

Gabatarwa

Manomin wake a Tasawa ko Mayahi, cikin jihar Maraɗi, yana iya ɗaukar hoton ganye da salula, manhaja ta faɗa masa cutar da adadin maganin feshi. In ta yi kuskure gona ta ƙone, wa zai biya? Maƙalar nan ta tsaya a kan cewa Nijar ba ta buƙatar sabuwar doka kafin ta ba da amsa.

Bitar ra'ayoyi

A 2017 Majalisar Dokokin Turai ta kawo shawarar a ba wasu na'urori matsayin mutum a gaban shari'a. Ra'ayin ya ja hankalin masana, sai dai ba ya ɗaukar nazari: na'ura ba ta da gona, ba ta da rumbu, mai ƙara zai ci shari'a ya koma gida hannu rabbana. Turawan ma sun bar maganar. A 2024 sun sa manhaja cikin hajar da maƙerinta ke biyan aibinta, a 2025 kuma suka janye daftarin 2022 na diyyar ƙirƙirarriyar basira.

Hanyar bincike

An kwatanta ayoyi 1382 zuwa 1385 na kundin dokar da Nijar ta gada daga Faransa da hukuncin ɓarnar gona a Muwaɗɗa da Risala.

Sakamako

Aya ta 1382 tana neman a tabbatar da laifi, abin da ya fi ƙarfin manomin da bai san me ke cikin manhajar ba. Ta 1384 ta ɗora biya a kan mai tsaron abu, kuma tun hukuncin Jand'heur da kotun Faransa ta yanke a 1930 babu buƙatar nuna laifinsa. To amma salular tana hannun manomi, ke nan shi ne mai tsaro?

A nan ne fiƙihun da ake karantawa a zaurukan yankin ya fi haskakawa. Abin da dabbobi suka ɓata da dare mai su ke biya, na rana kuwa ba ya kansa, domin da rana mai gona na iya tsare gonarsa. Dalilin hukuncin shi ne ikon hana ɓarna: wanda tsaro ke hannunsa a lokacin, shi ke da lamuni. Manomi ba ya iya gyara manhaja, ba ya ganin bayanan da aka horar da ita da su, wataƙila ma ba a taɓa nuna mata waken da ake shukawa a Gulbin Kaba ba. Kamfanin da ya ƙera manhajar da ƙungiyar da ta raba ta su ke da wannan iko. Kotun soke hukunci ta Faransa ta kai kusa da haka a 1956, a shari'ar tukwanen iskar oksijin da suka fashe a hannun mai dako, inda aka bambanta tsaron ƙirar abu da tsaron amfani da shi. Malikiyya kuma ta daɗe tana lamuntar da masu sana'a, ta ɗora musu kawo shaida.

Iyakar bincike

Nazarin nassi ne, bai shiga kundin ƙararrakin kotuna ba, bai kuma warware yadda za a karɓo kuɗi daga kamfanin da ke ƙetare ba. Wannan bai rushe hujjar ba: mai raba manhajar a cikin ƙasa shi za a kira gaban alƙali, shi kuma ya bi maƙerinta.