Makunnin Wi-Fi da ranar da aka kashe intanet a Alƙahira

 Yau za mu yi waiwaye ne, wanda Hausawa suka ce adon tafiya. Abin da za mu waiwaya kuwa bai fi ƙwayar wake girma ba, wato ɗan makunnin nan da ake kunna Wi-Fi da shi a jikin kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da laftof. Kuma a birnin Alƙahira na ƙasar Masar za mu yada zango.

A shekara ta 2010, lokacin ina ɗalibi a birnin, na sayi wata laftof ta hannu. Kwana uku ina fama da ita, abokan zamana kowa na shiga intanet ba tare da waya ba, tawa kuwa ko sunan hanya ɗaya ta ƙi nunawa. Na yanke hukuncin cewa an cuce ni. Na ɗauke ta sai kasuwar kwamfutoci ta Bustan da ke unguwar Babul Luƙ, 'yar tafiya kaɗan daga dandalin Tahrir. Mai gyaran da na samu ko sukurdireba bai ɗauka ba. Ya shafa gefen kwamfutar da yatsa, ya tura wani ɗan abu da ban taɓa lura da shi ba, sai ga wata 'yar fitila shuɗiya ta kama. Ya yi dariya ya miƙo mini kayana, ya ce in bar kuɗina.

Ba ni kaɗai abin ya taɓa samu ba. A wancan zamani kowane kamfani da inda yake ɓoye nasa makunnin. Wani a gaba, ƙarƙashin inda mutum ke ɗora hannu, wani a gefe kusa da ramin abin sauraro. Wasu kuma sai an haɗa madannai biyu: a yawancin kwamfutocin Dell ana danna Fn tare da F2, a Toshiba Fn da F8, a ThinkPad kuma Fn da F5. A kwamfutocin HP da yawa fitilar ce ke ba da labari, idan ta yi ruwan lemo a kashe yake. Sau da yawa jakar da ake ɗaukar kwamfutar ce ma ke goge makunnin ta kashe shi, mai ita bai sani ba.

To me ya sa aka yi wa wannan abu makunni nasa na daban? Dalili shi ne, a cikin kowace laftof akwai 'yar ƙaramar tashar rediyo, mai watsawa kuma mai karɓa. Eriyarta na ɓoye a cikin murfin, a gefen allo. Masu sauraronmu da suka saba neman tashoshi a gajeren zango sun san mita 19 da mita 25. To igiyar da Wi-Fi ya fara yaɗuwa a kanta, mai gigahaz 2.4, tsawonta santimita 12 da rabi ne kacal, bai kai taƙi ɗaya ba. Tashar rediyo kuwa, komai ƙanƙantarta, tana shan batir, kuma kamfanonin jiragen sama ba su yarda a bar ta a kunne a cikin jirgi ba. Shi ya sa aka ga ya kamata mai kwamfuta ya iya kashe ta nan take da yatsa.

Asalin wannan fasaha ya faro ne daga tsibiran Hawai na Amurka, inda a shekara ta 1971 Farfesa Norman Abramson da abokan aikinsa suka haɗa kwamfutocin jami'arsu da ke tsibirai daban-daban ta hanyar rediyo, suka kira tsarin ALOHAnet. A 1985 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta buɗe wasu zanguna uku na rediyo ta ce kowa ya yi amfani da su ba sai da lasisi ba. Ba wata kyauta ce ta a zo a gani ba a lokacin, domin zangunan cike suke da hayaniyar na'urori irin su tandun lantarki na ɗumama abinci, har injiniyoyi na yi musu kallon juji. A kan wannan jujin aka yi gini. Injiniyoyin kamfanin NCR da ke ƙasar Holland suka ƙera wata na'ura mai suna WaveLAN a farkon shekarun 1990, da nufin haɗa injinan karɓar kuɗi na kantuna ba tare da an ja waya ba. Ɗaya daga cikin ma'aikatan kamfanin, Vic Hayes, shi ya shugabanci kwamitin da ya fitar da ƙa'idar 802.11 a 1997, mai gudun megabit 2 a daƙiƙa. A 1999 gudun ya kai megabit 11, a shekarar ce kuma aka raɗa masa suna Wi-Fi. A watan Yulin wannan shekara Steve Jobs na kamfanin Apple ya ɗaga kwamfutar iBook a gaban taro a birnin New York tana kan intanet, ya zura ta ta cikin wani babban zobe, domin mutane su ga babu waya. Bayan da kamfanin Intel ya fito da Centrino a 2003, sai ya zama da wuya a ga sabuwar laftof da ba ta da wannan 'yar tasha a cikinta.

Ita Masar ta shiga intanet ne a watan Oktoban 1993, ta wani siririn layi da ya haɗa cibiyar sadarwar jami'o'in ƙasar da Faransa, mai gudun kilobit 9.6 a daƙiƙa. Da wannan layi, hoto ɗaya na wayar zamani sai ya ci fiye da rabin sa'a kafin ya sauka. A 1999 aka kafa ma'aikatar sadarwa, aka ba Dokta Ahmed Nazif, wanda daga baya ya zama firayim minista a 2004. Ku riƙe sunan nan, za mu sake haɗuwa da shi. A watan Janairun 2002 gwamnati ta ƙaddamar da shirin da ta kira intanet kyauta: mutum ya jona kwamfutarsa da layin tarho na gida, ya buga wata lamba mai farawa da 0777, ba ya biyan komai sai kuɗin kiran waya. Da layukan ADSL masu sauri suka bazu, sai mutanen Alƙahira suka ɓullo da tasu dabarar da suke kira wasla. Mutum ɗaya ya yi rajista, sa'an nan ya ja wayoyi daga taga zuwa taga, daga bene zuwa bene, maƙwabta su riƙa ba shi ɗan wani abu duk wata. Ɗaliban Najeriya da Nijar da ke karatu a Azhar, musamman mazauna Hayyul Ashir a Madinatu Nasr, sun san wasla sarai. Wi-Fi da ya zo sai ya rage wa mutane jan waya, akwati ɗaya a falo ya wadatar da gida.

To sai dai kuma kalmar nan "ba waya" tana da ruɗi. Tsakanin kwamfutarka da akwatin da ke falo ne kawai babu waya, 'yan mitoci ƙalilan. Daga akwatin zuwa gaba duk waya ce, har cikin teku. Masar kuwa mashiga ce, manyan wayoyin ƙarƙashin teku da ke haɗa Turai da Asiya ta ƙasarta suke ratsawa, daga Bahar Rum zuwa Bahar Maliya. Ranar 30 ga Janairun 2008 biyu daga cikinsu, SEA-ME-WE 4 da FLAG, suka tsinke a kusa da Iskandariyya. Masar ta rasa kusan kashi 70 cikin ɗari na intanet ɗinta, abin ya taɓa har Indiya. Da farko an ɗora laifin a kan angar jirgin ruwa, daga baya ma'aikatar sadarwa ta ce hotunan bidiyo ba su nuna wani jirgi a wurin ba.

Wancan tsautsayi ne. Abin da ya faru bayan shekaru uku kuwa da gangan aka yi shi.

Ranar Talata 25 ga Janairun 2011 zanga-zangar adawa da mulkin Shugaba Hosni Mubarak ta ɓarke. A ranar aka toshe Twitter, layukan salula kuma suka daina aiki sosai a kewayen dandalin Tahrir. A nan ne mazauna benayen da ke zagaye da dandalin suka yi wani abu da ya shiga tarihin Wi-Fi: suka cire kalmomin sirri na akwatunansu, domin duk wanda ke ƙasa ya iya kama hanyar ya aika saƙo. Makunnin na hannunsu, suka kunna wa jama'a.

Jim kaɗan bayan ƙarfe 12 na daren Alhamis, wayewar Juma'a 28 ga wata, sai aka taɓa makunnin da ba ya hannun kowa a cikinsu. Kamfanin Renesys na Amurka, mai sa ido a kan zirga-zirgar intanet, ya ga hanyoyi kusan 3,500 da ke kaiwa Masar sun ɓace cikin 'yan mintoci. Manyan kamfanonin ƙasar, Telecom Egypt da Link Egypt da Vodafone da Etisalat Misr, duk suka yi shiru. Ba a yanke waya ko ɗaya ba. Yadda abin yake, kowane kamfanin intanet yana ta shelanta wa sauran kamfanonin duniya adireshin da ke bayansa, kamar yadda ɗan kamasho ke kiran sunan gari a tasha. In ya daina kira, mota na nan, hanya na nan, amma fasinja bai san inda zai shiga ba. Kamfanonin Masar daina kira suka yi, ƙasa mai mutane sama da miliyan 80 ta ɓace daga taswirar intanet. Da gari ya waye aka bi da layukan salula. Kamfanin Vodafone ya fitar da sanarwa cewa an umarci dukkan kamfanonin salula su dakatar da aiki a wasu yankuna, kuma dokar ƙasa ta tilasta musu biyayya. Dokar ita ce ta sadarwa mai lamba 10 ta shekarar 2003, wadda sashe na 67 nata ya ba hukuma ikon karɓe ragamar hanyoyin sadarwa idan ta ga tsaron ƙasa na buƙata.

Da safiyar wannan Juma'a na buɗe laftof ɗina, fitila shuɗiya na ci, sandunan sigina a cike, amma shafi ko ɗaya ya ƙi buɗewa. Da yake wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, makunnin nan na fara zargi. Na kashe na kunna ya fi a ƙirga. Na cire wutar akwatin na mayar. Sai da na ji maƙwabta na tambayar juna ta taga sa'an nan na gane matsalar ta fi ƙarfin ɗakinmu. Abin da ya fi damun mu baƙi shi ne iyaye. A Kano da Damagaram ana kallon hayaƙi da tankokin yaƙi a talabijin, ana buga waya ba ta shiga. Su kuwa 'yan ƙasa, wanda aka ji wa ɗan'uwansa rauni a titi bai da salular da zai kira motar asibiti.

Kamfani ɗaya ne ya rage, mai suna Noor, wanda kasuwar hannun jari ta Masar ke amfani da shi. 'Yan jarida suka riƙa bin otal-otal da ofisoshin da ke kan layinsa, har shi ma aka rufe shi ranar 31 ga wata. Amma tarho na gida bai mutu ba, saboda haka mutane suka koma tsohuwar hanya. Aka zaƙulo tsofaffin modem daga cikin kwali, masu tsofaffin laftof da ke da ramin layin tarho suka zama abin nema. Wata ƙungiya a Faransa mai suna FDN ta ba da lambar da za a buga daga Masar a shiga intanet. Wato bayan shekaru 17, Alƙahira ta sake leƙa duniya ta siririn layi zuwa Faransa, kamar a 1993. Injiniyoyin Google da Twitter kuma suka ƙirƙiro Speak2Tweet, mutum ya buga waya ya bar saƙon murya, a wallafa masa.

Ranar Laraba 2 ga Fabrairu aka mayar da intanet, bayan kwana biyar. Ƙungiyar OECD ta ƙiyasta asarar kai tsaye a kan dala miliyan 90. A nawa ganin, lissafin siyasar ya fi na kuɗin ɓaci. Mutumin da ke zaune a gida yana bin labari a allo, da aka kashe masa allon sai ya sa takalmi ya fita ya gani da idonsa. Wani mai bincike a jami'ar Yale, Navid Hassanpour, ya nazarci lamarin a wannan shekara, ya kuma nuna cewa katsewar ta ƙara bazuwar zanga-zangar ne zuwa unguwanni. Ranar 11 ga Fabrairu Mubarak ya sauka. A watan Mayun 2011 wata kotu ta ci tarar mutum uku fam miliyan 540 saboda katse sadarwar: ministan cikin gida Habib al-Adly miliyan 300, Mubarak miliyan 200, sai Ahmed Nazif miliyan 40, mutumin nan da ya kawo wa Misirawa intanet kyauta. A 2018 babbar kotu ta soke tarar.

Mu ma a gida mun ɗanɗana. An rufe layukan salula a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayun 2013, aka rufe na Zamfara a Satumban 2021, sa'an nan wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A Nijar an katse intanet na salula kimanin kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021.

Shi kuwa ɗan makunnin da muka fara da shi, ya kusa ɓacewa. Tun da Windows 8 ta zo a 2012 da abin da ake kira yanayin jirgin sama, kamfanoni suka riƙa cire shi daga jikin kwamfuta suna mayar da shi cikin allo. Yanzu mai nema sai ya duba ƙasan allo ta hannun dama, kusa da agogo, ko kuma ya nemi madannin da ke da hoton jirgi ko na eriya a layin sama. Idan kwamfuta ba ta nuna sunan hanya ko ɗaya ba alhali wayar hannunka na gani, to makunninka ne, ka duba shi kafin ka kai wa mai gyara. Idan kuwa ta kama hanya, sanduna sun cika, amma shafi ya ƙi buɗewa, to ka bar maɓallin nan ya huta, ka tambayi maƙwabci ko nasa na yi.