Ɗan Koyon Kokawa a Ƙasar Yauri Kafin Tafkin Kainji da Bayansa

Galibin abin da aka rubuta a kan kokawa ya tsaya ne kan gwanaye da makaɗansu. Ba safai ake waiwayar ɗan koyo ba, watau yaron da bai taɓa kā da kowa ba, alhali kuwa ta kansa ne wasan ke wucewa daga zuriya zuwa zuriya. Ƙasar Yauri ta dace da irin wannan nazari, domin a nan aka ga abin da kan sami ɗan koyo idan aka tashi garinsu.

Gungawa, masu kiran kansu Bareshe, daga Hausawa suka sami wannan suna, don kuwa gungu shi ne tsibiri. A tsibiran kogin Kwara da gaɓarsa suka zauna, tun daga wajen Shanga har Ngaski, suna su, suna noman hatsi da albasa. Kokawarsu ta yi suna har Frank Salamone, wanda ya yi bincike a Yauri a farkon shekarun 1970, ya ware mata maƙala guda a 1974, inda ya nuna cewa alama ce da suke bambanta kansu da maƙwabta da ita. Ke nan yaron da ya shiga fage yana koyon kamu, yana kuma koyon zama ɗan ƙabilarsu.

To, yaya ake koyon? Kokawar manoma, a nan da sauran ƙasar Hausa, ba ta da malami guda. A nan ta sha bamban da dambe, wanda asalinsa wasan mahauta ne, inda yaro kan bi wani babban ɗan dambe yawon garuruwa yana ɗaukar masa kaya. Shi ɗan koyon kokawa da tsararsa yake farawa, a kan rairayi ko a dandali da farin wata. Yayyensa ke gyara masa tsayuwa: ya sunkuya, ya ware ƙafa, kada ya bari a shige masa ƙugu. Zai sha ƙasa sau da yawa kafin ya gane cewa nauyin abokin karawa ake juyawa a kā da shi. Idan kaka ta yi aka kira wasa, ƙananan yara ke share fage kafin manya su fito. Nan ne yaro zai fara jin kiɗa a kansa, ya kuma koyi tashi daga kaye ba da fushi ba, ga 'yan matan garinsu na kallo. Layu da guraye da kirari duk daga baya suke zuwa. Wane dattijo ne zai ɓata asirinsa kan yaron da bai nuna alama ba?

Wannan tsari ya dogara ne kan abu biyu, lokacin kaka da kuma ƙauyen da ke tsallake, wanda ake zuwa a kwalekwale a kara da samarinsa. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsibirai da fadamu masu yawa, aka tashi mutum wajen 44,000 zuwa sababbin matsugunai. Hukuma ta gina gidaje, amma maƙwabtakar da ta haifar da abokan karawa ba abar zanawa a taswira ba ce. Bugu da ƙari, rikiɗar Gungawa zuwa Hausawa ta hanyar Musulunta da sauya harshe, wadda Salamone ya yi bayaninta a 1975, ta rage wa wasan matsayinsa na alamar ƙabila.

A daidai wannan zamani ne kuma hukumomi suka fara tsara kokawa. Jamhuriyar Nijar ta buɗe gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, da alƙalin wasa da ƙayyadadden lokaci, kuma a yanzu kowace jiha daga cikin takwas kan tura 'yan kokawa goma da mai horar da su. Ɗan koyon da ya bi wannan hanya yana da malami mai suna, kamar takwaransa mai koyon judo ko karate a birni, kuma mai horarwar ne ke zaɓa masa ranar da zai fara shiga fage.