Kujerar Yaro Ma Tarihi Ce

Yau tarihin ɗan ƙaramin abu za mu taɓa: kayan zama da kwanciyar yara.

A 1929, shekarar da layin dogo ya isa Ƙauran Namoda, tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Jama'a suka rasa aiki, har da masu zane. A 1935 gwamnatin Franklin Roosevelt ta ɗauki ɗaruruwansu a wani shiri mai suna Index of American Design. Aikinsu su bi gidajen mutane da gidajen tarihi, su zana tsofaffin kayan amfanin yau da kullum da fentin ruwa. Zuwa 1942 sun yi zane sama da 18,000, waɗanda yanzu ke ajiye a National Gallery of Art a birnin Washinton.

Cikinsu akwai gadon jariri mai lilo, da 'yan kujerun yara, da dokin katako. Za ku ce, me ya hana su ɗauki hoto kawai? To, a lokacin hoto mai kala tsada gare shi, kuma yana koɗewa. Mai zane kuwa zama yake ya ƙura wa abu ido, ya fito da jijiyar katakon, da tsagewarsa, da inda fenti ya goge. Wannan gogewar ce ta fi burge ni, don ita ke nuna maka lallai wani yaro ya zauna a nan.

To mu dawo gida. A gidan kakata a Tsafe akwai kujerar tsugunno da aka sassaƙa daga icce guda, da keken koyon tafiya mai ƙafa uku wanda dukanmu jikoki muka tura. Bara na je nemansu, aka ce tuni an yi girki da su. Wallahi ko hotonsu babu. Kujerar roba ta ƙwace wurin. Ga kuma 'yan'uwanmu na ƙauyukan Tsafe da Bungudu da suka gudo Gusau, mai gudun ransa ai ba ya ɗaukar kujera.

Don haka in akwai irin kayan nan a gidanku, ku ɗauke su a waya. Mai iya zane ya zana. Ku tambayi tsofaffi: wa ya sassaƙa, da wane icce, su wa suka zauna a kai? Ku rubuta tun suna raye.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.